Lodin Auduga Da Lodin Siminti: Yadda Ake Tsara Wa Kwamfuta Wuri A Gidan Haya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Damba, nan mashigar Gusau ta wajen Tsafe, yana kallon manyan motocin da ke shiga da fita, zai lura da wani abu. Motar da aka yi wa lodin auduga takan taho an cika ta har ta yi tozo, an ɗaɗɗaure kayan da igiya, amma tana tafe sakayau. Wadda aka yi wa lodin siminti kuwa, sai ka ga kayan ko rabin bodi bai kai ba, amma ga ta tana nishi, tayoyinta sun lotsa. Ta farkon wuri ne ya ƙare mata, ta biyun kuwa ƙarfi ne ya ƙare. Direban da ya dubi sauran filin da ya rage a bodin motar siminti ya ce a ƙaro, to, ya shirya kwana a hanya da karyayyen sifirin.

Mun kawo wannan misali ne domin irin kuskuren da wancan direba zai yi, shi ne kuskuren da masu ilmi da takardun digiri suke yawan yi idan suka tashi kai manyan kwamfutocin ma'aikatarsu ajiya a cibiyar adana bayanai. Sukan ƙirga wuri da ido, su ga akwai sauran fili, su ci gaba da lodi, alhali abin da zai fara ƙarewa ido ba ya ganinsa.

Dalilin kai kwamfuta haya

Sa'ad da ɗalibi ya buɗe wayarsa don ya biya kuɗin makaranta ko ya duba sakamakon jarrabawa, saƙonsa yana tafiya ne zuwa ga wata kwamfuta ta musamman wadda aikinta ke nan dare da rana: ta karɓi tambaya, ta ba da amsa. Ita ce ma'aikata ke kira saba, mu kuma a nan za mu kira ta kwamfutar hidima. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai, kuma ba a kashe ta. Bukatunta huɗu ne: wutar lantarki marar yankewa, iska mai sanyi, hanyar sadarwa, da tsaro.

Mai karatu da ke zaune a Gusau ko Bunguɗu ya san yadda biyun farko suke da wuyar samu. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Wuta kuwa, ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo ta Arewa ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Makaranta ko asibitin da ya ajiye kwamfutar hidimarsa a wani ɗaki kusa da ofishin rajista, dole ya tanadi janareto, da na ko-ta-kwana idan na farkon ya tsaya, da batura, da na'urorin sanyaya ɗaki, da man gas, da mai gadi, duk saboda kabad ɗaya ko biyu. Don haka ne aka ƙirƙiro gidajen haya na kwamfuta. Kamfani ya gina katafaren gini, ya kawo wuta da sanyi da wayoyin sadarwa da masu tsaro, sa'an nan ma'aikatu su kawo na'urorinsu su kama wuri. Na'ura taka ce, gini na mai gida ne. Wanda kayansa ke da yawa, ko yake bukatar sirri, sai a kewaye masa nasa yanki da ragar ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo. Wannan kewaye shi ake kira keji, kuma lalle ya yi kama da na kaji, sai dai girma. An yi shi da raga ne musamman domin iskar sanyi ta ginin ta ratsa.

Galibin irin waɗannan gidaje a Nijeriya suna Legas, domin a nan ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. Rack Centre ta fara aiki a Ikeja a 2013. Kamfanin MainOne, wanda ya shimfiɗo wayarsa ta teku daga Turai a 2010, ya buɗe cibiyarsa mai suna MDXi a Lekki a 2015, kuma a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya saye shi kan dala miliyan 320. A Arewa kuwa, kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone, wanda ke da cibiya a Abuja, ya gina wata a Kano, aka ƙaddamar da ita a watan Janairun 2023. Ke nan ma'aikatar da ke Gusau, idan ta yanke shawarar zaman haya, za ta ajiye kayanta ne a garin da sai an yi doguwar tafiya kafin a kai. A riƙe wannan batu, za mu komo gare shi.

Rak da awonsa

Kwamfutar hidima ba a aza ta bisa tebur. Siffarta kamar faifan tire ce mai tsawo, ana zura ta kwance cikin wani dogon kabad na ƙarfe da ake kira rak, a ɗaure fuskarta da kusoshi a jikin dogaye biyu da ke tsaye hagu da dama. Faɗin fuskar kowace na'ura inci 19 ne, ko daga Sin ta fito ko daga Amurka. Wannan awo ya girmi kwamfuta da kanta, domin kamfanin tarho na AT&T ne ya tsayar da shi wajen 1922 don jera kayan tarho, sauran masana'antu suka gada.

Tsayin rak kuma an raba shi gurbi-gurbi. Gurbi ɗaya, wanda ake yi wa alama da harafin U, inci 1.75 ne, watau milimita 44.45, kuma kowane gurbi yana da hujin kusa uku a jikin dogon. Wata na'ura gurbi ɗaya take ci, wata biyu, wata huɗu. Rak ɗin da aka fi amfani da shi yana da gurabe 42, tsayinsa duka wajen mita biyu, faɗinsa santimita 60 ko 80, zurfinsa daga gaba zuwa baya santimita 100 zuwa 120. Ana fara ƙirgan gurabe daga ƙasa.

Wannan lissafi yana da sauƙi ƙwarai, kuma sauƙin nasa ne ke yaudarar mutane. Bari mu ɗauki misali. A ce wata babbar makaranta a Gusau tana son kai kayanta haya. Tana da kwamfutocin hidima 14, kowace mai gurbi biyu, gurabe 28 ke nan. Tana da akwatunan ajiyar bayanai biyu, kowane mai gurbi huɗu, an sami 8. Ga na'urorin rarraba saƙo biyu, da allunan haɗa waya biyu, kowane gurbi ɗaya, an sami 4. Jimla 40. Rak mai gurabe 42 ya ɗauke su duka, har da rarar biyu. Jami'in da ya yi wannan lissafi zai tafi wurin ma'ajin makaranta da murna, ya ce rak ɗaya ya isa. Lodin auduga ya ƙirga, alhali siminti ne ke hannunsa.

Wuta ce ke fara ƙarewa

Mai gidan haya ba ya sakar maka wuta yadda ka ga dama. Yakan ja wa kowane rak layi mai iyaka, a bakinsa akwai makatsi, watau bireka, wanda ke datse wutar da zarar an ja fiye da ƙima. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Layin da aka saba bayarwa mai amfiya 32 ne. Idan aka ninka 230 sau 32 za a sami wat 7,360, watau kilowat 7.36. Amma layin da zai yi aiki dare da rana ba a kai shi maƙura, shi ya sa masu gidaje da yawa suke gindaya sharaɗin kada ɗan haya ya wuce kashi 80 cikin 100. Abin da ke hannunka na haƙiƙa bai wuce kilowat 5.9 ba.

Yanzu mu auna kayan makarantarmu. A ce kowace kwamfutar hidima tana jan wat 450 idan aiki ya yi tsanani; 14 za su ja 6,300. Akwatunan ajiya, a ce 600 kowane, 1,200 ke nan. Na'urorin rarraba saƙo, 300 su biyun. Jimla wat 7,800. Rak ya ɗauki kayan, layi kuwa bai ɗauka ba. Tun a kwamfuta ta goma wuta ta ƙare, ana kallon gurabe goma babu kowa.

Akwai wani tarko a nan wanda ya fi wannan muni, domin shi ba ya bayyana ranar da aka ɗana shi. Gidan haya na kirki layi biyu yake ja wa kowane rak, ana kiran su A da B, kowane ya biyo ta hanyarsa daban, da baturansa daban. Kowace kwamfutar hidima ma tana da mashigar wuta biyu, ɗaya a layin A, ɗaya a layin B. Manufar ita ce idan ɗaya ya mutu, ko aka kashe shi don gyara, ɗayan ya riƙe aikin. To, jami'inmu sai ya ce ai layi biyu ne, 5.9 da 5.9 sun ba da 11.8, saboda haka 7.8 ba kome ba ne. Ya jona kayansa, kome ya tashi lafiya. Na'urorin sun raba jan wutar biyu, kowane layi yana ɗauke da kilowat 3.9, mita tana nuna da sauran sarari. Haka za a tafi wata shida ko shekara. Ran da layin A ya ɗauke, cikin ƙiftawar ido dukkan wat 7,800 za su koma kan layin B. A raba 7,800 da 230, za a sami amfiya kusan 34 a kan makatsi mai 32. Zai yi ta ɗumi, can kuma yana iya datsewa. Layi biyun da aka biya kuɗinsu don kariya sun tafi tare, kuma babu laifin mai gida ko kaɗan. Idan abin ya faɗo ranar ƙarshe ta rajistar ɗalibai, to, jami'inmu zai yi bayani a gaban majalisar makaranta.

Ƙa'idar ita ce, layi biyu a lissafi layi ɗaya ne. Duk abin da ke cikin rak dole ne layi guda ya iya ɗaukarsa shi kaɗai. Makarantarmu tana da zaɓi biyu: ko ta raba kayan cikin rak biyu, kowane ya ɗauki wajen kilowat 3.9, ko ta nemi a ja mata layi mafi ƙarfi, idan mai gida zai iya kwashe zafin da zai biyo baya. A ganinmu rak biyu ya fi, ko da yake haya za ta ƙaru, domin ya bar wurin ƙari, kuma ya ba da damar raba tagwayen na'urori, ta yadda idan rak ɗaya ya sami matsala ɗayan na nan.

Wani kuskuren kuma kishiyar wannan ne. A bayan kowace kwamfuta akwai tambari da ke nuna ƙarfin mashigar wutarta, alal misali wat 800 ko 1,100. Wannan adadi iyakar abin da mashigar za ta iya bayarwa ne, na'urar kuwa sau da yawa ko rabinsa ba ta ja. Wanda ya tara adadin tambura ya sayi wuta a kansu, zai riƙa biyan kuɗin wutar da ba zai taɓa sha ba, domin a gidan haya abin da ka kama kake biya, ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Hanya mafi inganci ita ce a sa mita a auna na'urorin suna cikin aiki, kuma a auna a lokacin cunkoso. Kwamfutar makaranta da aka auna cikin hutun ƙarshen zango ba ta faɗi gaskiyarta ba.

Don mai karatu ya san nauyin abin a aljihu: kilowat 7.8 dare da rana har kwana 30 ya kama yunit 5,616. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira miliyan 1.2 a wata, tun ba a sa kuɗin sanyaya ɗaki da man janareto ba. Shi ya sa gidajen haya da dama suke yanka farashi bisa kilowat, faɗin ƙasa ya biyo baya.

Kowane wat zafi ne

Ɗalibin kimiyya ya san cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Kwamfuta ba ta ɗaga kaya, ba ta niƙa, ba ta tura mota. Kusan dukkan wutar da ta shiga cikinta zafi take komawa. Dutsen guga na lantarki yana jan wajen wat 1,000. Saboda haka kayan makarantarmu daidai suke da a kunna dutsen guga takwas a rufe cikin kabad ɗaya, ba a kashewa har shekara biyar.

Iska ce ke kwashe wannan zafi. Cikin kowace na'ura akwai ƙananan fankoki da ke zuƙo iska ta fuska, su bi da ita ta kan sassan da suka yi zafi, su fitar ta baya. Idan iskar za ta fita da ƙarin zafi na digiri 11, kowane kilowat yana bukatar iska wajen kubik mita 270 cikin awa ɗaya. Kayanmu ke nan suna bukatar wajen 2,100. Ɗakin kwana mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, uku tsayi, yana ɗauke da kubik mita 48. Watau kamar a zuƙe iskar wannan ɗaki kaf a sake ta sau 44 kowace awa. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 da 27.

Tunda duk na'urori ta gaba suke shaƙa su fitar ta baya, sai aka tsara jera rak-rak sahu-sahu, fuska na kallon fuska, baya na kallon baya. Lungun da fuskoki suka haɗu nan ake hura sanyi, shi ne lungun sanyi. Lungun da bayansu ya haɗu nan zafi ke taruwa a janye shi, shi ne lungun zafi. Wannan dabara ta bazu tun cikin shekarun 1990, kuma yau da wuya ka shiga cibiyar da ba ta bin ta. Abin da ya shafi ɗan haya shi ne, kejinsa yana cikin tsarin ginin gaba ɗaya. Ba shi da ikon juya rak ɗinsa ya fuskanci inda ya ga dama don ƙofa ta fi sauƙin buɗewa. Wanda ya juya nasa, zai riƙa hura wa maƙwabcinsa zafi a fuska, shi kuma yana shaƙar na wani.

Ƙananan abubuwa biyu suna ɓata wannan tsari, kuma an fi samun su wurin sababbin shiga. Na ɗaya, gurbin da aka bari buɗe. Iskar zafi takan zagayo ta wannan kafa ta dawo gaba, na'urar da ke sama ta sake shaƙar ta. Maganinsa ɗan marfin roba ko na ƙarfe da ake toshe kowane gurbi da babu kowa, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na biyu, na'urar rarraba saƙo. Ramukan wayarta sukan fi amfani idan suna kallon bayan rak, inda wayoyin kwamfutoci suke, don haka akan ɗaura ta a juye. Masu ƙera ta suna yin iri biyu, mai shaƙa ta wajen ramuka da mai shaƙa ta ɗaya wajen. Wanda bai duba ba ya sayo wadda ba ita ba, na'urarsa za ta rayu tana shaƙar iskar lungun zafi, kuma kwananta ba zai yi tsawo ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin abu guda, watau hunturu. Ƙurarsa takan toshe matatun iska, bushewar iskarsa kuma tana haifar da ɗan tartsatsin nan da mutum kan ji idan ya taɓa ƙarfe, wanda ya isa ya lalata sassan kwamfuta. Kwashe ƙura da daidaita laima aikin mai gida ne, amma ɗan haya mai hankali yakan tambayi yadda ake yi kafin ya sa hannu. Shi ma ya kiyaye nasa: ba a shiga keji da kwali, a waje ake kwance kaya, domin kwali ƙura ne, kuma abincin gobara ne.

Ya kamata a ambata cewa wannan lissafi na kilowat biyar ko takwas na kayan yau da kullum ne. Na'urorin da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su sun canza ma'auni. Rak ɗaya na irin wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2024 yana jan wajen kilowat 120, kuma iska ba ta iya sanyaya shi, sai an bi da ruwa cikin bututu. Sashen jami'ar da ke mafarkin sayen ko da akwati ɗaya na irin waɗannan na'urori, ya fara tambayar mai gida kafin ya tambayi mai sayarwa.

Ƙasan keji

Bayan wuta da zafi sai a zo ga faɗin ƙasa. Daɓen irin waɗannan ɗakuna sau da yawa an shimfiɗa shi da fale-falen murabba'i masu santimita 60 kowane gefe, kuma da su ake awo. Rak mai faɗin 60 da zurfin 120 yana zaune bisa fale biyu. Amma kwamfutar hidima a kan dogo take, kamar aljihun tebur, kuma idan za a gyara ta sai an jawo ta waje kusan tsawonta duka, ga mutum biyu da za su tsaya su tallafe ta. Don haka akan bar santimita 120 a gaba, a bar aƙalla 90 a baya. A tara: 120 da 120 da 90 sun ba da santimita 330. Rak ɗin da gindinsa bai kai murabba'in mita ɗaya ba ya ci kusan biyu. A duba kuma ginshiƙin gini idan ya faɗo cikin keji, da inda ƙofa take buɗewa. Ƙofa mai zamewa gefe ta fi, don ba ta cin fili.

Nauyi ma abin lura ne. Rak da aka cika da akwatunan ajiya yana iya kusantar tan guda a kan wannan ɗan gindi, saboda haka a tambayi abin da daɓen zai iya ɗauka. A cikin rak kuwa, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Wanda ya sa akwati mai kilo 60 a gurbi na 38 ya jawo shi waje, yana iya jawo rak ɗin duka a kansa.

Sai batun gobe. Keji ba ya miƙewa. Idan ka cika naka, maƙwabci kuma ya kama filin da ke gefenka, ƙarin da za ka samu yana iya kasancewa a wani ɗaki ko wani bene, ka koma biyan kuɗin wayar da za ta haɗa kayanka da kayanka. Wayar tagulla ta sadarwa ba ta wuce mita 100, bayan haka sai zaren gilashi. Masu gogewa sukan nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa idan za a ba da filin da ke jikin nasu, a fara yi musu tayi. Sukan kuma bar rarar wuta da ta gurabe tun ranar farko, domin sauya tsohuwar na'ura da sabuwa yana bukatar su biyun su yi aiki tare na ɗan lokaci, kafin a kwashe bayanai a kashe tsohuwar.

Tsara wa hannun da ba naka ba

Mun ce za mu komo ga batun nisa. Ga saƙo, nisa ba wani abu ba ne. Haske cikin zaren gilashi yana gudun wajen kilomita 200,000 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka tafiyar kilomita 1,000 zuwa da dawowa ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ɗalibi a Tsafe ba zai gane ko kwamfutar da ta amsa masa tana Kano ko tana Ikeja ba. Ga jikin ɗan'adam ne nisa yake da nauyi. Injiniyan da ke zaune a Damba, idan na'urarsa ta tsaya da ƙarfe biyun dare, ba zai kama hanyar Funtuwa a wannan lokaci ba, kuma duk mai hankali ba zai ce ya kama ba.

Abin da zai yi shi ne ya buga waya. Gidajen haya suna da ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki, waɗanda za su shiga kejinka su zama hannunka, bisa kuɗi. Amma wannan ma'aikaci bai san kayanka ba. Yana tsaye gaban na'urori 14 masu kama ɗaya, cikin ƙarar fankoki, waya a kunne. Idan ka ce masa ya kashe "ta tsakiyan nan" ya sake kunnawa, yana iya kashe mai lafiyar, ka tashi da matattu biyu. Saboda haka tun kafin a ɗaura kusa ta farko, a zana hoton kowane rak a takarda, gurbi bayan gurbi daga 1 zuwa 42, a rubuta abin da ke cikin kowane, da wutar da yake ja, da nauyinsa. A manna wa kowace na'ura suna gaba da baya. A sa wa kowace waya lamba a bakinta biyu. Wayoyin layin A su zama launi ɗaya, na layin B wani launi, ta yadda ko baƙo ya leƙa zai gane idan an jona mashiga biyu na na'ura ɗaya a layi guda. Kwafi ɗaya na zanen ya zauna a Gusau, ɗaya a liƙe a ƙofar rak, kuma duk ran da aka taɓa wani abu a gyara duka biyun. Umarnin da ya kamata ya fito daga Damba shi ne: rak na biyu, gurbi na 17, waya ja mai lamba 4.

Kwamfutocin hidima na zamani suna da wata ƙaramar ƙofa ta sadarwa ta daban, wadda ke ba mai ita damar kashewa da kunnawa da ganin allo daga nesa, ko da babbar manhajar ta sandare. Akwai kuma jerin soket da ake sarrafa kowane raminsa ta intanet. Waɗannan suna cin gurbi ɗaya ko biyu da 'yan wayoyi, kuma su ne abin da akan fara yankewa idan ma'aji ya ce kuɗi sun yi yawa. Ga ma'aikatar da ke Legas, wadda injiniyanta zai iya hawa mota ya isa cibiya, wannan yankewa mai sauƙi ce. Ga ta Gusau, gara a rage kwamfuta ɗaya a bar su.

Tambaya ta ƙarshe da za a yi wa mai gida ita ce ta hanyoyin sadarwa: kamfanoni nawa ne suka shigo da wayarsu ginin, kuma ta kusurwa nawa suka shigo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ma'aikatu da dama a Nijeriya suka shiga wahala, musamman waɗanda bayanansu ke ajiye a Turai ko suke dogaro da hanya ɗaya. Cikin zanen rak ɗin makarantarmu, gurabe biyu na can sama an ware su ne don wannan: allon waya ɗaya na kamfani na farko, ɗaya na kamfani na biyu, kuma kafin a biya a tabbatar wayoyinsu ba cikin rami ɗaya suka biyo daga Kano zuwa Gusau ba.